Ƙugiya a Bakin Kyanwata

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Maman Ummi daga Kurfi.

Ina da kyanwa mai sanyin hali, ita ke tsare mini buhunan gero daga ɓera. Ranar nan 'yata Ummi ta shafa mata kai kamar kullum, sai ta kai mata cizo a hannu. Daga nan duk wanda ya matso sai ta yi gurnani ta kai yakushi, abinci ma ta daina ci.

Muka kai Ummi asibiti aka yi mata allura. Inna, mahaifiyata, ta ce iska ce ta shiga jikin kyanwar. Na kulle kyanwar a ɗaki na turnuƙa mata hayaƙin habbatussauda, abin ya ƙaru. Maigida ya ce zai sa ta a buhu ya yar a hanyar Birchi.

Da ya damƙe wuyanta zai tura ta buhun, sai ya ga ɗan zare yana leƙowa daga bakinta. Ashe ƙugiyar masunta ce ta kafe a dasashinta, daga kawunan kifin dam ɗin Zobe da nake zuba mata. Malamin dabbobi a Dutsin-Ma ya cire, ya ce ciwo ne kawai ke sa ta faɗa.

Yanzu ta warke, har kan cinyar Ummi take kwanciya. Ni ce dai in na shigo ɗaki take fita. Masu sauraro, yaya ake ba kyanwa haƙuri?