Kujera Biyu, Mutum Ɗaya

AUTA: Salamu alaikum, Baba. Ina wuni?

BABA: Wa alaikumus salam, Auta. Ya yara? Ya aiki?

AUTA: Lafiya lau. Ya ƙafar?

BABA: Da sauƙi. Yau ba ki hau hasumiyar filin jirgin ba? Wa kika bar wa jiragen?

AUTA: Baba... an dakatar da ni.

BABA: An ɗaukaka ki? Alhamdulillahi!

AUTA: Dakatarwa, Baba! Da-ka-tar-wa.

BABA: Inna lillahi! Jirage suka kusanci juna?

AUTA: Ko kaɗan. Ka san tun da gwamnati ta sayar wa kamfani da aikin, suka haɗe kujerar kula da jirage masu sauka da ta masu tashi. Ni kaɗai. Shekaranjiya hadari ya taso, masu sauka suka taru a kunnena, wannan bai gama maimaita umarnina ba wancan ya shigo. Sai na tsayar da masu tashi a ƙasa har sama ta yi sauƙi.

BABA: To ai haka aikin yake! Da nake kujerar haka muke yi.

AUTA: Lokacinku gwamnati ce. Yanzu rabin kamfanin na masu jiragen da na tsayar ne. Jinkiri kawai suke dubawa.

BABA: Kayya. Kuma ni na fi kowa murna da sayarwar nan. A zamaninmu na'ura sai ta mutu wata da watanni, takarda tana yawo ofis-ofis.

AUTA: Na'ura kam sabuwa fil. Mutane ne babu. Hello? Baba?

BABA: Ina jin ki, layin ne.

AUTA: Gobe zan zauna gaban kwamiti. Shugaban sashenmu ya ja ni gefe, wai in ce ruɗewa na yi, sai a mayar da ni horo, in koma aiki.

BABA: In kuma kika ce laifin haɗe kujerun ne?

AUTA: Aikin ya tafi, da gidan ma'aikata. Ga yara uku, ga ubansu ba ya duniya. Wallahi tsoro nake ji, Baba.

BABA: Ki ce kin ruɗe mana, ki rufa wa kanki asi... Tsaya. Yau wa ke kujerar?

AUTA: Sabuwar da na koyar. Ita kaɗai.

BABA: Ita kaɗai.

AUTA: Ta kuma ga abin da aka yi min. Ran da hadari ya sake tasowa ba za ta tsayar da kowa ba.

BABA: Subhanallahi.

AUTA: Baba? Katina ya kusa ƙarewa.

BABA: Kin ruɗe?

AUTA: Ban ruɗe ba.

BABA: To kar ki ce kin ruɗe. Ɗakin yayanki ba kowa, yanzu zan sa a share. Ki fara ɗaure kayan yara tun...