Takalmin Goggo Sumie a Kan Tabarma

Babban malamin haikali, shugaban kwamitin unguwa Nagao-san, 'yan kwamiti da kuka cika layin gaba, Michiyo 'yar marigayiya da sauran dangi, ina gaishe ku.

Yau kwana arba'in da tara da girgizar ƙasa ta raba mu da Goggo Sumie Kuroiwa.

Ta kasance mai naci. Shekara ashirin tana bin gidajenmu da magana ɗaya: in ƙasa ta motsa ku shige ƙarƙashin tebur, in ta lafa ku kashe gas ku fita, kada ku koma, don girgiza ba ta zuwa ita kaɗai. Ta kasance tana ajiye takalmi cikin ɗaki, a kan tabarma, ba a bakin ƙofa kamar kowa ba. Laifinta ke nan a wurinmu.

Ina zaune ranar da ta kawo maganar gaban kwamiti. Ta ce, "Gilashi zai tarwatse, ku kuma daga ku sai safa. Wa zai taka?" Shugaba ya kurɓi shayi ya ce, "Takalmi a kan tabarma, Goggo? Gobe kuma ki ce mu shigo da keke." Kuka kwashe da dariya. Ni ma na yi, kuma har yau kunyar ba ta sake ni ba.

Yanzu kwamiti ya rubuta rahoto, wai ta mutu ne don ta yi ganganci ta koma cikin gini. Ku da ba ku taɓa zuwa atisayen tsira daga girgiza da take shiryawa ba, yau ku ne masu koya mata ƙa'idarta.

To ga abin da rahoton ya tsallake. Ran nan da rana Goggo ta riga ta fito titi, sai ta ji kira daga gidan Shugaba. Matarsa Fusae ce a tsakiyar ɗaki, kabad ɗin tangaran ya kife, ko'ina fasassun kwanuka, takalminta na can bakin ƙofa ƙarƙashin katako. Maigidan kuwa yana filin makaranta da lasifika, yana ba da umarni. Goggo ta shiga, ta cire nata takalmin ta ce, "Saka ki wuce, 'yar nan, ni ƙafata ta tsufa." Fusae ta fita. Goggo na lallaɓowa ba takalmi girgiza ta biyu ta sauke rufin.

Michiyo, ɗago kanki. Uwarki ba ta yi ganganci ba.

Shugaba, furannin da ka kawo na ta'aziyya sun fi na kowa tsayi, mun gani. Kwashe abinka, ka je ka gyara layin nan na rahoto. In shaida kake nema, ga matarka nan zaune a damanka tana kuka.

Na gode da kuka saurara. Goggo ta huta lafiya cikin magabata, mu kuma a tsare mu, ko da ba mu cancanta ba.