Wace Kotu Ce Za Ta Dawo Min Da Ummi?

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Sunana Rukayya, daga Haɗeja.

Mijina masunci ne, ruwa yake bi. Da 'yarmu Ummi ta isa yaye, ya kai ta wajen mahaifiyarsa a wani ƙauyen Yobe, kamar yadda aka saba. Da hannuna na ɗaure mata kaya. Daga baya muka samu saɓani, ya ce yarinya ta zauna ke nan.

Na tafi kotu da ƙarfin gwiwa, domin a littattafan da nake karantawa, alƙali na jin kukan uwa yake cewa a miƙa mata ɗanta. Namu ko labarin bai bari na fara ba. Ya ce, "'Yata, ina wanda kike ƙara yake zaune?" Na ce yana Yobe yana kamun kifi. Ya ce to ba shi da hurumi, in bi shi can.

Kawuna ya raka ni, har kwalekwale muka shiga. Alƙalin can ya ce ai mutumin baƙo ne, gidansa na Haɗeja, kuma ya bi ruwa ya yi gaba.

Jiya aka haɗa ni da Ummi a waya. Na ce, "Ummina, Mama ce." Sai na ji tana tambayar kakarta, "Inna, wace ce?"

Don Allah masana shari'a da ke saurare, wace kotu zan nufa kafin 'yata ta gama manta ni?