Shafukan Ƙarshe Suna Durowata

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Hajiya Binta ce, malamar makaranta, daga Soron Ɗinki.

Ranar Asabar kun gayyato maƙwabciyata Ladi ta yi sharhi kan littafin nan na halittun wata duniya da suka aiko mana saƙo, da fim ɗinsa. Malam, ni na ba ta aron littafin! Sau uku na karanta shi, har lissafin tafiyar haske na bi da fensir.

Ta ce muku a ƙarshe baƙin sun sauko an gaisa. A fim ne wannan, bayan rawa da waƙa. A littafin ba wanda ya zo. Saboda nisa, masaniyar taurarin da ta mayar musu da saƙo ta tsufa ta mutu tana jiran amsa. Ladi ba ta sani ba, domin shafukan ƙarshe sun ɓalle, suna durowata.

Yanzu ko a gidan biki "masaniya" ake kiran Ladi. Eh, ina ƙyashi, ban ɓoye ba. Tunda soja sun koma bariki, kowa na faɗin nasa, ku ba ni shawara: in kai mata shafukan a asirce, ko in zo in karanta su a shirinku?