Goron Ruwaida

Muna zaune cikin trotro, motar haya, a Aboabo, muna jira ta cika, sai wata mata ta dubi hannun dattijon da ke gefenta, duk baƙin mai.

"Baba, a garejojin Magazin kake aiki?"

"Nan nake gyaran mota, 'yata."

"Wai da gaske jami'a na turo muku ɗalibai su koyi aikin hannu? Ruwaida tawa injiniya take karanta. An ce idan ba ta sami gareji ba, ba za ta gama ba."

"Sun zo wurina. Ban amsa musu ba tukuna."

"Don me?"

"A wurinmu sabon yaro shekara guda yake shara kafin ya taɓa sifana. Su kuma wai wata uku, kuma ranar farko a buɗe musu inji."

"In dai shara ce, Ruwaida tun tana ƙarama take share min tsakar gida. A lissafa mata."

Dattijon ya yi dariya. "Ba wannan kaɗai ba. Yaro, iyayensa ke kawo shi da goro, su ce ga amana. In ya ƙone hannu, na san ƙofar da zan buga. Wa zan je wa a jami'a?"

 Sai matar ta kwance bakin mayafinta, ta fito da goro biyu, ta miƙa masa.

"Gidan Mamuna mai waake, bayan masallaci. Ƙofar shuɗiya ce."

Ya juya goron a tafinsa, ya ɓantari ɗaya.

"Ki faɗa wa malaminta. Litinin, kuma kar ta sa fararen kaya."