Itatuwan Gabas da Na Sa Aka Sare

Iyayena da 'yan'uwana mata na zumunta, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Salamarsa ta zauna a gidajenku. Sunana Laraba, daga wani ƙauye a kan hanyar Malumfashi zuwa Funtua. Na rubuta shaidar nan ne don na san in da baki zan faɗa, kuka ba zai bar ni in kai ƙarshe ba.

Ƙwas, ƙwas. Da wannan 'yar ƙarar abin ya fara. Ina tankaɗen garin dawa da la'asar, sai na ji gefen kwanon rufin ɗakinmu yana bugun katako. Ƙusa ɗaya ce ta saki.

Amma bari in koma baya kaɗan, don ku gane abin da na ɗauka a kaina.

Da aka kawo ni gidan mijina Ɗanjuma, akwai manyan itatuwa a jere ta gabashin gidan: tsamiya biyu, ɗorawa, kanya, da wani maɗaci da mutum uku ba sa rungume shi. Kaka, wato kakar maigidana, ta ce suna nan tun zamanin yaƙe-yaƙe, kafin zuwan Turawa, lokacin da ake zuwa gona da kwari da baka. A gindin tsamiyar nan kakanni suke yanka kaza su zuba giya kafin shuka. Gidan ya karɓi bishara tuntuni, ba mai yin haka kuma. Ni dai in na wuce wurin, sai raina ya ɓaci.

Na sa maigida a gaba. “Baban Alheri, ya za mu tashi mu yi addu'a, wurin tsafi yana kallon ƙofarmu?”

Ya yi dariya. “To, uwar masu tsarki, daddawar miyarki daga wace bishiya take fitowa?”

Kaka kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Ke 'yar boko, koma ki tambayi malamanku ta ina hadari yake shigowa garin nan. Tsofaffin nan ba don kaza kaɗai suka bar itatuwan ba.”

Na kuwa san amsar! A sakandare an koya mana yadda ƙasa ke ɗaukar zafi da bazara, iska mai zafi ta yi sama ɗauke da laima, gajimare ya taru ya yi nauyi, sannan iska mai sanyi ta faɗo da ƙarfi tana share gaban ruwan. An gaya mana a ƙasarmu daga gabas take tasowa, itatuwa kuma su ke karya mata ƙarfi. Na rubuta a jarrabawa, na ci. Ban taɓa haɗa shi da bayan ɗakina ba. Ina ganin wa Allah nake yi. Da rani na yi ta naci a sare itatuwan, har maigida ya kira masu gawayi. Kwana huɗu suka gama da su.

To, ranar da kwanon ya yi ƙara, zafi ya hana kowa sakat, ko ganye ba ya motsi. Gabas ta yi baƙi ƙirin.

Na ce, “Baban Alheri, kwanon nan zai tashi fa.”

Ya ce, “Bari hadarin ya wuce tukuna.”

“In ya wuce da rufin fa, a ina za mu kwana?”

Ya ɗauki tsani da dutse, ya hau. Ina riƙe da ƙafar tsanin na hango iskar tana tahowa ta kan gonaki, ja wur, ba abin da ya tare ta. Ta kwashe jinkar rumbu kamar hula. Sai ta shiga ƙarƙashin kwanon, ta ɗaga rufin gaba ɗaya, shi yana kai. Tsanin kaɗai ya rage a hannuna. Bai kai asibiti ba.

Wayyo 'yan'uwa! An yi zaman makoki, an watse, gidan ya rage ni da Kaka da 'yata Alheri. A bakin rijiya na ji ana raɗa wai masu tsamiya ne suka rama. Da ma na yarda da hakan, da ya fi mini sauƙi, don zan sami wanda zan ɗora wa laifi. Amma na san ba aljani ba ne. Ni na buɗe wa iska hanya, ni kuma na tura shi sama. Ban gaya wa kowa ba. Na daina zuwa sujada, don in an ɗaga waƙa sai in ji kamar da ni ake. Kun zo gaishe ni sau da yawa, na ce ina barci. Ku gafarce ni.

Damina biyu na yi haka. Kowa na murna in hadari ya haɗo, ni kuwa sai in ja Alheri mu shige ƙarƙashin gado, in toshe mata kunne, jikina na rawa ya fi nata. Ban yi shuka ba. Rumbu ya koma ɗakin ɓeraye.

Sai Yaya Tanko, wan mijina da ke sayar da hatsi a Funtua, ya zo. Ya ce, “Laraba, ba ƙin ki nake yi ba. Dubi yarinyar nan, shekara shida, ta ji tsawa sai fitsari. Asabar zan zo in tafi da ita.”

Ban yi musu ba. Alheri kaɗai ce take kirana a gidan nan in ji daɗi, amma na haɗa mata kaya a jaka.

Ranar Alhamis da yamma hadari ya taso. Muna ƙarƙashin gado, sai na ji muryar Kaka can ƙasa-ƙasa: “Laraba! Ƙyaurena!” Ba ta da lafiya, ba ta iya tashi, iska ta ɓalle mata ƙofa. Na kwanta kamar ban ji ba. Ta sake kira. Ban san yadda na goya Alheri na ratsa tsakar gidan nan ba. Na dai gan ni a ɗakin Kaka, na tokare ƙyauren da kafaɗata, iska na dukan sa ina jin dukan har haƙorana. A nan maganar ta fito da kanta.

“Kaka, ni na kashe shi.”

Ta ce, “Ni ma ina zaune ya ɗauki tsanin, ban ce ya ajiye ba. Mu biyu ke nan. Da wanda ya buga ƙusar, uku. Har ina za ki kai? Kuskure kam kin yi, na faɗa miki ba ki ji ba. Amma shi Yesun da kika sare itace dominsa, kin taɓa gaya masa abin da kika gaya mini yanzu?”

Ban taɓa ba! Shekara biyu ina ɓuya masa kamar yadda nake ɓuya wa hadari.

Ban durƙusa ba, don in na saki ƙofar za ta tafi. A tsaye na yi ihu: “Ya Yesu, na yi taurin kai na kira shi ibada. Na gaji da ɗaukar mutumin nan ni kaɗai. Ka gafarta mini, ka karɓe shi daga hannuna, kada ka bar tsorona ya raba ni da 'yata!”

Iskar ba ta tsaya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Rawar jikina ce ta tsaya. Sai ruwan ya sauko, na ji ƙanshin ƙasa, abin da na manta akwai shi. Haleluya!

Washegari na tono 'yan tsiron darbejiya a bakin hanya, na samo na ɗorawa biyu. Yaya Tanko ya iso Asabar a kan babur, ya same mu ta gabashin gida, taɓo har gwiwa, Alheri na danne ƙasa da ƙafa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Ki sa musu ƙaya, awaki za su cinye. Zan aiko da irin masara.” Ya sha ruwa, ya tafi shi kaɗai.

Har yau in gabas ta yi baƙi gabana yana faɗuwa, kewar maigida kuma tana nan. Amma ina zaune a kan gado, ba ƙarƙashinsa ba. Na gode wa Ubangiji da ya cece ni! 'Yar'uwa, abin nan da kika kulle a ciki kina ganin ya fi ƙarfin gafara, ki kai masa, ko a tsaye ne, ko da ihu. Yana ji.

Ran Asabar ɗin nan, da ƙarar babur ɗin Yaya Tanko ta ɓace, Alheri ta ja mini zane, ta ce, “Mama, in kwance kayana? Ni dama takalmi ɗaya na sa a jakar. Ɗayan na ɓoye a bayan randa, don in an je can a ga babu, a dawo da ni wurinki.”