Gaisuwar Juma'a Ta Kusa Cinye Geron Ƙanena

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Alhaji Bello Mai Taki ne daga Tambuwal. Sakandare kawai na yi, amma shagona ba wanda ya gina mini.

Ranar kasuwa ƙanena Sani, malamin makaranta a Kebbe, mai digiri, ya iso da buhun gero biyu a bayan babur, abincin gidansa. Wai zai sayar ya sayi sabuwar waya, tasa ta tsufa, ko hoto ba ta ɗauka.

Na ce, "Miƙo ta nan, Malam." Ina buɗewa sai bidiyon barka da Juma'a na shekara uku, furanni da tantabaru, daga guruf ɗin dangi da na 'yan ajinsu, sun cika wayar maƙil. Na goge su kaf, na shiga saiti na hana bidiyo sauka da kansa. Waya ta dawo garau.

Ya ce, "Yaya, ai goge gaisuwar mutum wulaƙanci na."

Na ce, "Barin ɗiyanka da yunwa fa, girmamawa ce?"

Gero dai ya koma Kebbe. Jama'a, ku ba ni shawara, me zan yi da digirin nan nasa? Ina gaishe shi, in ya iya kunna rediyo.